Kwalba ta Biyu

Ranar da na fara aiki a shagon kakana na tafka wautar da har yau idan na tuna sai in ji kamar in shige tulu. Ina ɗan shekara goma sha biyar, an yi hutun makaranta, kakata Iya ta ce tunda na addabi gida, in je in addabi mijinta. Na isa shagon da hantsi, nan unguwar Magajiya, na tarar tsohon ya zagaya. A bakin ƙofa kuwa ga wani ɗan tebur an jera kwalabe sirara guda bakwai a kai, rana na dukan su. Na ce wayyo, tsufa ya yi halinsa, an manta da magani a rana. Na kwashe su tsaf na kai ƙuryar shago, na lulluɓe da tawul, na zauna na harɗe ƙafa ina jiran a sa mini albarka.

Albarkar da na samu ita ce ranƙwashi, irin wanda har gobe idan na shafa wurin ina jin rami.

"Ja'iri, wa ya aike ka? Ka kori ma'aikaciyata daga bakin aiki!"

"Wace ma'aikaciya, Tsoho? Ni ban ga kowa ba."

Sai ya nuna sama da yatsa.

Yanzu shekarata goma sha tara. Na yi shekara huɗu a wannan sana'a, wanda a lissafina ya yi daidai da arba'in, har na fara duba furfura a madubi. Ku da kuke zuwa masana'antar fiya wata da nake aiki a Diko lokacin hutu, kuna leƙo ɗakin gwaji kuna cewa ai wannan aikin banza ne, zuba ruwa a kwalba a zauna cikin fanka, ku ne na rubuta wa wannan. Ni ma haka na ɗauka.

Kakana Malam Isyaku, wanda duk Suleja ke kira Baba Lab, ya yi aikin gwajin ruwa a gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya buɗe ɗan shagonsa. Yana gwada abubuwa da yawa, amma abin da ya fi kawo mutane shi ne ƙarfe. Ruwan bohol yakan fito garau kamar hawayen jariri, alhali ƙarfe na narke a ciki. Ka bar shi a bokiti ya sha iska, gobe ka tarar ya yi ja, ya ɓata tanki, ya toshe famfo, ya mayar da farar riga ruwan ƙasa. Duk wanda zai kafa sana'a a kan ruwa yana so ya sani tun kafin ya sayi bulo.

Yadda ya koya mini, ƙarfen da ke cikin ruwa kala biyu ne. Akwai wanda ke narke lafiya lau, akwai wanda ya riga ya fara komawa tsatsa. Muna da wani magani, fenantrolin, wanda ni nake kira jan-baki, domin da ya haɗu da ƙarfe sai ruwan ya koma ruwan goro, yawan ƙarfe yawan ja. To amma jan-baki na farkon kawai yake kamawa, na biyun ko kallo bai ishe shi ba. Dole sai an juyar da na biyun ya koma na farko. Manyan ɗakunan gwaji wata hoda suke zubawa, mai tsada, mai saurin lalacewa. Baba kuwa garin tsami yake sa wa, ɗan'uwan wanda masu zoɓo ke saya amma tsaftatacce, sannan ya fitar da kwalbar rana. Hasken ne ke yin aikin. Kana tsaye kana kallo ruwa fari zai fara yin kunya, ya yi ja-ja, har ya tsaya a inda ƙarfensa ya kai.

Kwalabe bakwai ɗin nan kowacce da aikinta. Ɗaya fanko ce, tataccen ruwa da magani kawai. Biyar na awo ne, mun san yawan ƙarfen da muka zuba a kowacce, daga ta ɗaya mai ɗan kaɗan har ta biyar mai yawa. Ta bakwai ita ce ruwan kwastoma. Ƙa'idar Baba guda ce, duk bakwai ɗin rana ɗaya za su sha, minti ashirin, ba wadda inuwar wata za ta taɓa. Idan ruwan mutum bai wuce ta biyu ba, lafiya. Idan ya kai ta uku, a fara tunanin gina matatar ruwa. Idan ya wuce ta biyar, Baba yakan ce a kira maƙeri.

Gadin teburin nan shi ne aikina na farko, kuma na fi sojan bakin banki shan wahala. Na kori awaki, na kori yara, na kori wani mai tallan lemo da ya tsaya da faffaɗan farantinsa ya yi wa kwalba ta huɗu rumfa. Akwai inuwar tankin maƙwabta da ke rarrafowa kamar ɓarawo da misalin sha ɗaya da rabi. A watan Agusta kuwa sai mu wuni muna kallon sama kamar manoma, gajimare ya buɗe mu fito da gudu, ya rufe mu koma muna tsaki. Wata rana na ce mu ajiye su a bayan gilashin taga mu huta. Baba ya ce gilashin taga yana cinye rabin abin da muke nema a cikin hasken, kuma ni ma ina cinye rabin tuwon gidansa ba tare da amfani ba.

Wankin kwalabe ya fi komai cin rai. Ba a wanke su da ruwan famfo a tsaya nan, domin famfon ma da tsatsarsa. Sai an jiƙa a ruwan asid, a ɗauraye da tataccen ruwa sau uku, a kife a kan tsinken roba. Jan-baki yana zaune cikin kwalba mai duhu, an naɗe ta da takarda, an saka a gwangwanin madara, an kulle a kabad, kamar amaryar da ba a so kowa ya gani. Akwai bututun gilashi na awo da aka hana ni taɓawa har tsawon wata shida. Da aka ba ni, a rana ta uku na fasa shi.

Wani mai haƙar bohol ya taɓa kawo mana ruwa a tsohon gwangwanin fenti wanda tsatsa ta ci gindinsa. Baba ya leƙa ciki, ya miƙa masa.

"Oga, gwangwanin kake so in auna ko rijiyar?"

"Haba Baba, ruwa ai ruwa ne. Abeg ka rubuta mini, mai gidan na jira."

"Ruwan da ban ɗebo da kwalbata ba, ba na sa masa hannu."

Mutumin ya yi ta magiya, ya kawo Turanci ya kawo Hausa, har ya ce zai ga Baba da kyau. Baba ya ce ya gode, shi ma yana ganin sa da kyau daga nan inda yake zaune. Abin da tsohon nan ya mallaka a duniya ke nan, sa hannunsa. Shagon haya ne, babur ɗinsa ya girme ni, amma takardar Baba Lab idan ta ce ruwa lafiya, mutum yakan zuba duk abin da ya tara a kai ya yi barci. Yakan ce tun da ya fara aiki ba a taɓa dawo masa da takarda ba, kuma yana faɗin haka aƙalla sau uku a rana, har akun maƙwabta ya kusa haddacewa.

Shekarata ta uku ita ce muguwar shekara. Muna da wata na'ura mai karanta launi, ka saka kwalba ta nuna lamba. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, ta yi tari sau ɗaya, ta fitar da hayaƙi, shi ke nan. Na kai ta wurin masu gyara har Abuja, kowa ya buɗe sai ya yi dariya ya ce wannan ai kakar kakarsa ce. Manyan kwastomomi suka fara tafiya inda ake buga sakamako da kwamfuta. Baba ya ce ba komai, kafin na'ura da ido ake yi. Sai muka koma jera kwalabe a gaban farar takarda muna kwatantawa.

A shekarar ne kuma ya sakar mini komai. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke awo, ni ke ɗiga magani. Idan minti ashirin ya cika na shigo da kwalabe, sai ya ɗaga ta kwastoma sama, ya karkata kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, malamin kimiyya, wacce ta yi kama da ita?" In faɗa. Ya ce, "Hm. Ka ci sa'a." Ya rubuta, ya buga hatimi, ya sa hannu. Ni duk a zatona jarrabawa ce. Har kumbura nake yi, ina gaya wa abokaina cewa shekara guda cur ban faɗi ko sau ɗaya ba.

Sai kun san yadda muke da shi kafin ku gane abin da ya biyo baya. Tsakanin jika da kaka ba a maganar gaskiya kai tsaye, kowa ya sani. Ni da shi mun kai abin ƙarshe. Idan ya tambaye ni ƙarfe nawa agogo ya nuna, sai in ce lokacin da zai sakar mini Iya ya yi. Idan ya ce wa ke sallama, in ce 'yan sanda ne sun zo kama shi. Shi kuma ya ce Iya ta fi ƙarfin mai kunnuwa kamar faranti. Duk ƙaryar da na yi masa ranƙwashi ne ladanta, kuma hannunsa bai taɓa kuskure ba.

Aikin Malam Sabi'u ya zo ana gab da ƙarshen damina. Mutumin Funtua ne, ya yi shekaru yana wanki da guga a wani otal a Abuja, yana haya a nan Suleja. Ya tara abin da ya tara, ya kama fili a Gauraka, ya haƙa bohol, zai buɗe wurin wankinsa. Wani ƙaramin otal ya yi masa alkawarin zannuwan gado da tawul, ma'aikatan da ke bin hanyar kullum kuma za su riƙa ajiye masa shaddodinsu. Mutum ne mai sanyin magana, yana cire takalmi kafin ya shiga shagon da ko tabarma babu.

"Baba, abu ɗaya nake so in sani. In gina matata ko in sayi injin wanki na biyu? Ƙarfina ba zai kai duka biyun ba."

"Ruwan ne zai faɗa, ba ni ba," in ji Baba.

Na hau mota na je Gauraka. Na bar famfon ya zuba minti goma, na ɗauraye kwalba sau uku, na cika, na ɗiga asid don kada ƙarfen ya kwanta a hanya. Ruwan garau, har na sha. Washegari da hantsi na jera bakwai ɗin a rana. Ba a yi minti biyar ba kwalbar Malam Sabi'u ta fara ja. Kafin lokaci ya cika ta bar ta biyar a baya, ta koma kamar an tauna goro an tsoma. Ko daga tsallaken titi mutum zai hango ta.

Na shigo da su, na jera a gaban farar takarda. Baba ya ɗaga ta sama, ya karkata kai.

"To, malamin kimiyya, wacce ta yi kama da ita?"

Abin ya ba ni dariya, tambayar ta yi kama da a nuna maka giwa a ce ko ɓera ne. Na gyara murya na ce, "Ta biyu, Tsoho. Ko ta biyun ma da ƙyar. Wannan ai a ba jarirai."

Na sunkuyar da kai, na runtse ido, ina jiran hannu.

"Hm," in ji shi. "Ka ci sa'a."

Na ɗago na ga ya jawo takarda. Na ce a raina lallai yau tsohon ya zo da sabon salo, so yake in tsorata in roƙe shi. To ba zan roƙa ba, mu ga wanda zai fara dariya. Sai ya ce in ɗauki jarka in je in karɓo tataccen ruwa kafin mai shagon ya tafi masallaci. Na fita ina ƙunshe dariya. Na tsaya kallon ƙwallo a shagon mai gyaran waya, na ci rogo, na dawo bayan azahar. Na tarar ya zubar da kwalaben ya jiƙa su a asid.

"Mutumin Funtua ya zo ya karɓa," ya ce. "Ya ji daɗi ƙwarai."

Da ya fita alwala na buɗe littafin da kwafin kowace takarda ke zama. Ga shi nan da manyan haruffansa, layin ya ɗan karkace ya hau kan na ƙasa. Ƙarfe bai wuce ƙa'ida ba. Ruwa ya dace da wanki. Hatimi, sa hannu.

Da yamma na sami Iya tana tsince shinkafa. Na zauna na yi shiru, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni, har ta taɓa goshina.

"Iya, idon Tsoho lafiya kuwa?"

Ta ci gaba da tsintar ta. "Sai yau ka gani? Kai da kake wuni da shi?"

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara. Yana ganin mutum kamar a cikin hayaƙi, launi kuwa ya tafi. Taku yake ƙirgawa daga nan zuwa masallaci. Na ce mu je asibiti, ya ce idan aka ji Baba Lab na neman maganin ido, wa zai sake kawo ruwa? Ya ce ai yana da idonka, Nafi'u." Ta ɗago ta dube ni. "Kada ka kuskura ka nuna masa ka sani, ka ji ko? Mijin nawa ke nan guda, kai ba ka isa aure ba."

Na yi dariyar da ta nema, na tashi.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, yaron firamare ma ya sani. Amma in gaya wa Baba na yi wasa da sakamako, daidai yake da in ce masa na san ba ya gani. Sai na yanke shawarar zuwa wurin Malam Sabi'u da kaina. Na je kuwa, ranar Asabar. Na tarar ana sauke injin na biyu daga mota, yana ta murna, ya sa an rubuta allo da shuɗin fenti. Ya rungume ni, ya ce wa ma'aikatansa ga jikan Baba Lab, ya aika aka sayo mini shinkafa da kifi a bakin titi. Na cinye tas. Na ce Allah ya sa albarka, na hau mota na dawo. A hanya na lallashi kaina cewa wataƙila ruwan zai gyaru idan aka yi ta ja, bohol sabo ne. Na san ƙarya ce, ni na wanke kwalaben da aka koya mini hakan da su.

Kwana goma sha tara na yi a haka. Kowace safiya yana tambaya ta wacce ta yi kama da ita, ina ba shi amsa daidai, ba ƙari ba wasa. Har ya ce wa Iya yaron nan ko ya fara soyayya ne, bakinsa ya mutu.

Ranar Talata da hantsi Malam Sabi'u ya sauka daga keke mai ƙafa uku da ƙulli biyu manya. Wannan karon bai cire takalmi ba. Ya kwance ƙullin a kan teburin rana, ya baza. Zannuwan otal ne da shaddodi farare na mutane. Ya jiƙa su da bilic, ruwan sa kaya fari, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, bilic kuwa da ya haɗu da ƙarfe nan take yake mayar da shi tsatsa. Duk sun yi dabbare-dabbare, rawaya da ja, kamar an shanya su a ƙarƙashin tsohon kwano.

"Baba, duba. Don Allah duba da idonka. Na wanke, na sake wankewa, ƙara kamawa yake yi."

Baba ya fito, ya kai hannu ya shafa wata shadda. Inda ya shafa fari ne, tabon yana can gefe, tazarar tafin hannu. Mai gyaran waya da yaransa sun taru, kowa ya ga inda hannun ya sauka.

"Na gani," in ji Baba. "Nafi'u, ɗauko ragowar ruwansa."

Kowane ruwa aka kawo muna ajiye rabi a kabad har wata guda, saboda irin wannan rana da ba ta taɓa zuwa ba. Na auna, na ɗiga tsami da jan-baki, na jera bakwai ɗin a gefen zannuwan. Muka tsaya jiran minti ashirin su cika. Ranar kuwa ta fito tas, ba ko ɗigon gajimare. Kwalbar ta yi jawur a gaban kowa.

Baba bai ɗaga ta ba, kuma bai tambaye ni ba. Ya juya wajen mai kayan.

"Malam Sabi'u, kai da kanka, wacce ta yi kama da taka?"

"Babu, Baba. Ta wuce su duka."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Na buɗe baki na ce, "Malam, wallahi ni ne na..."

"Rufe mini baki. Sunan wa ke jikin takardar?"

"Tsoho, ai ni na ce..."

"Na ce sunan wa?" Ya juya. "Malam Sabi'u, takardata ce, kuma ƙarya ta faɗa. Idona ya daɗe da tafiya, na ɓoye, na ci gaba da sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ba ni da abin da zan ce maka sai haƙuri. Duk wanda ya tambaye ka, ka gaya masa haka, kada ka rage."

Malam Sabi'u ya tsaya yana kallon sa. Na zaci zai yi ihu, da ma ya yi. Sai ya fara naɗe zannuwan ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita bakinsu kamar masu tsabta ne.

"Da ka faɗa mini, Baba," ya ce. "Da na kawo maka nawa idon."

Bayan mutane sun watse Baba ya zauna a kujerarsa. Na tsaya a gabansa na sunkuyar da kai, na matso sosai yadda ba sai ya nema ba. Hannun bai zo ba.

"Ta biyu, ko?" ya ce.

"Wasa nake yi. Na ɗauka kana gani."

"Na sani. Ni na koya maka wasan, ni kuma na bar ka kana zaton jarrabawa ce. Wannan nawa ne." Ya gyara zama. "Yaushe ka gane?"

"A ranar."

"Kwana nawa ke nan?"

"Goma sha tara."

"To wannan naka ne. Ba zan iya ɗaukar maka shi ba."

Sauran aikin da muka yi tare guda ɗaya ne, matatar Malam Sabi'u. Baba ya zauna a kan bulo a Gauraka yana faɗa, ni da wani mai aikin famfo muna yi. Ruwa ya faɗo daga sama ta cikin faranti mai huji ya sha iska, ya kwanta a tanki na farko, ya bi ta tsakuwa da yashi da gawayi. Ya sayar da babur ɗinsa aka sayi tankunan. Kowane bututu sai ya bi shi da hannu daga farko har ƙarshe kafin ya yarda. Da aka gama na gwada ruwan, na kira Malam Sabi'u da ma'aikatansa biyu suka duba tare da ni. Bai kai ta ɗaya ba. Ba a rubuta takarda ba, Baba ya ce ya gama sa hannu.

Don haka idan kun ga ina kiran mutum biyu su karanta lamba tare da ni, ko na hana ku surutu lokacin da ake rubuta sakamako, ba iyayi ba ne. Ku yi mini tsiya a kan kunnuwana, ku ɓoye mini takalmi, duk na yarda, ni ma gwani ne. Amma daga lokacin da aka ɗiga magani har a sa hannu, abin da ido ya gani shi baki zai faɗa.

Iya ta kai shi asibiti a makon da ya biyo baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta lalace, da an zo da wuri da an tsare abin da ya rage. Ya ba da maganin ɗigawa. A ƙarshen watan na hau tsani na sauke allon shagon, muka raba kwalaben ga wata makarantar sakandare, yanzu ana sayar da kayan waya a wurin. Matatar ta yi aiki, amma otal ɗin bai dawo ba, masu shadda ma haka. Malam Sabi'u ya riƙe wurin wata huɗu, sannan ya sayar da injinan ya koma Funtua da iyalinsa. Baba yana gida, ya daina ganin komai tun azumin bara.